Alhassan Ɗantata: Almajirin Accra da ya tara dalar gyaɗa a Kano

Idan aka ambaci sunan Alhaji Alhassan Ɗantata, hankalin mutane Kano yake tafiya, wajen dalar gyaɗa da raƙuman da suka kai kuɗinsa banki. Ba kowa ne ya san cewa mutumin nan ya yi zaman almajirci a nan Accra ba, kuma mahaifiyarsa 'yar kasuwa ce a wannan gari. A lokacin babu Nima, babu Maamobi. Sai a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya samu filin da ya zama Nima. Hausawan wancan zamani suna can cikin tsohon gari, wajen zangon Malam Naino, inda ake kira Zongo Lane yau. Garin ma Ankara suke ce masa, kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa har gobe.

An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a shekarar 1877. Gidansu gidan Agalawa ne, fataken da suka shahara a hanyar Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya kuma rasu Alhassan yana ɗan shekara 8 ko kusa da haka. Bayan rasuwar sai mahaifiyar, wadda aka fi sani da Amarya, ta taho Accra neman kasuwa, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya fito, ɗan Tata. Kun ga ke nan, sunan da yau yake kan kamfanoni da manyan gine-gine, asalinsa sunan tsohuwar da ta yi renon marayu ne.

Abin da ya samu na gado bai taka kara ya karya ba, don magada suna da yawa. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, yana karatu yana 'yan ƙananan saye da sayarwa. Abin da aka fi tunawa da shi a wannan lokaci shi ne asusu. Yaro ne da in kuɗi ya shiga hannunsa ba ya fita sai da dalili, kuma wannan hali bai rabu da shi ba har tsufa.

Yana da wajen shekara 15 ya bi ayarin Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da kanwa da tufafin Kano, ana ratsa ƙasashen mutane ana biyan fito. Shi ma ya riƙo ɗan kayansa, ya sayar da wani a hanya, ya ƙarasa da sauran Accra. Mai karatu zai zaci uwar da ta daɗe ba ta ga ɗanta ba za ta ajiye shi kusa da ita ta shagwaɓa shi. Ina! Da ya ɗan huta sai ta kama hannunsa ta kai shi wurin wani malami, ya zauna can. Ya yi karatu, ya yi bara, ya yi aikin ƙarfi a ranakun Alhamis da Juma'a da babu makaranta. A ganina wannan zama ya ba shi abin da sauran yaran Bebeji ba su samu ba. Ya ga teku, ya ga jiragen ruwa suna tsayawa nesa da gaɓa ana kwasar kaya da kwale-kwale, ya ga yadda ake ciniki da kantunan Turawa.

Komawarsa gida ta zo daidai da Basasar Kano. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita Takai ƙarƙashin Yusufu. Agalawa da yawa suna bayan Tukur, kuma ɓangaren Tukur ne aka ci. Aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, aka ƙwace abin hannunsu, sai da aka fanshe su. Ya dawo Bebeji ya sake farawa daga tushe. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1903, sojojin Ingila suka fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarsu ta cin Kano.

Hanyar goro ma a lokacin tana sauyawa. Salaga, wadda ita ce babbar kasuwar goro, ta watse a yaƙin cikin gida na 1892, fatake suka bazu Kete Krachi da Kintampo da Kumasi. A 1903 jirgin ƙasa ya haɗa Sekondi da Kumasi. Wajen 1906 Alhassan ya shiga cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga Accra da Sekondi zuwa Ikko, daga can a haura da shi arewa. Duk wanda ya san goro ya san kaya ne mai son gaggawa, kullum sai an kwance an yayyafa ruwa an tsince ruɓaɓɓe. Ayari yana tafiya ɗaya a shekara, mai jirgin ruwa kuwa yana iya juya jarinsa sau da yawa. Ya haɗa da murjani da tufafin Turawa. A nan jarinsa na gaske ya taru, wato kuɗin da daga baya ya sayi gyaɗar Kano da su, wani kaso nasu daga gaɓar tekun nan tamu aka same shi.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa a rai, don masaƙun Ingila. Amma masaƙan Kano suna sayen audugar gida da tsada, manomi kuma ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi masa. Ƙasar jigawa tana karɓarta, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta ƙi kuma a ci ta a gida. A can Turai ma an shiga neman mai ido rufe. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Normann ya yi rajistar wata dabara a 1902, ta cusa iskar haidurojin cikin man da yake ruwa-ruwa har ya daskare kamar man shanu. Da wannan dabara man gyaɗa ya zama majarin da talakan Turai ke shafa wa burodi, ban da sabulu. Kamfanonin Turawa suka sauka Kano da kuɗi a hannu, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za su amince wa ba. Sai suka nemi fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada da Alhassan Ɗantata. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya ta haura tan 19,000, alhali shekaru biyu kafin nan ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba.

Ɗantata ya baro Bebeji ya zauna cikin birni, wajen Koki da Sarari. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi babban mai saya masa gyaɗa, kuma zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan kasuwa kuɗi a Kano. Labarin da kowa ke so shi ne na 1929, lokacin da ya kai ajiyar kuɗin azurfa reshen Bank of British West Africa na Kano a kan raƙuma 20. Labari ne mai daɗi kam, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kuɗin suka taru. Gyaɗa ba a gona ɗaya take ba. Tana hannun dubban manoma, wannan mudu goma, wancan buhu biyu, wata tsohuwa ƙwarya ɗaya. Ɗantata ya watsa yaransa ƙauyuka da kuɗin kafin alƙalami tun kafin kaka, kowane yaro yana da nasa yaran, har abin ya kai ga ƙaramar kasuwar da mota ba ta zuwa. Ana ɗaukowa a jaki da raƙumi zuwa bakin sikeli. Ba kotu ke riƙe da wannan tsari ba, sanayya ce da tsoron zubewar mutunci, irin wanda fatake suka gada a hanyar Gwanja, inda mai gida a zango ke tsaya wa baƙonsa.

Kamfanin da yake saya wa ba baƙo ba ne a wurinmu. Lever Brothers suka saye Niger Company a 1920, a 1929 aka haɗa shi da wani kamfani ya zama UAC, a ƙarƙashin Unilever. Shi ne UAC ɗin da yake cikin kantunan da mutanen Accra suka ƙaurace wa a farkon 1948, lokacin Nii Kwabena Bonne, saboda tsadar kaya.

Kada a ɗauka kowa ya ji daɗin zamanin gyaɗa. An yi muguwar yunwa a ƙasar Kano a 1914, bayan damina ta ƙi. Haraji kuma da kuɗin Turawa ake biya, don haka manomi ko yana so ko ba ya so sai ya sayar. Farashi a Ingila ake yanke shi. Da kasuwannin duniya suka karye daga 1929, kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka da irin wannan sauri ba. Manomin da ya ci kuɗin dillali tun bazara ba shi da bakin yin ciniki da kaka. Ɗantata bai ƙirƙiro wannan tsari ba, amma a cikinsa ya yi arziki, kuma adalci ne a faɗi haka.

Dalar gyaɗa, wadda ake danganta fara ta da shi, ita ma asalinta matsala ce. Jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara a kan lokaci, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, sai a jera buhuna a fili, dala ɗaya tana kaiwa buhu 15,000, a rufe da tamfol a jira wagunu. Daga Kano sai Ikko, daga Ikko sai Ingila da Faransa. To, a nan ne zancen yake. Ƙwayar gyaɗa kusan rabinta mai ne, kuma man nan ne Bature yake saye, ba gyaɗar ba. Matan Hausawa sun san fitar da shi tun kaka da kakanni: a soya, a niƙa, a murza da ruwan zafi har mai ya tsatso, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli. Sun kuma san yana cin wuta, don da shi da man kaɗe ake kunna aci-bal-bal kafin zuwan kananzir. Amma abin da ya hau jirgi a buhu ya tafi, matsa da tacewa da sarrafawa duk a can ake yi, ribarsu ma a can take zama. Sai a shekarun 1940 da 1950 aka fara ganin injinan matsar gyaɗa a Kano, yawancinsu a hannun baƙin 'yan kasuwa.

Tun Ɗantata yana saurayi mai bin hanyar goro, wasu sun riga sun hango wani amfanin man gyaɗa. A babban bajekolin birnin Paris na 1900 an tayar da ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka, inda gyaɗa take da yawa man fetur kuwa babu. Mai injin, Rudolf Diesel, ya ɓace daga jirgin ruwa a kan hanyar Ingila a watan Satumba na 1913, shekarar da gyaɗar Kano ta fara cika wagunu. A 1937 wani masani a Beljiyam, Chavanne, ya yi rajistar hanyar sarrafa manja ya zama mai irin na dizal, har aka gwada shi a motar fasinja a shekarar da ta biyo. Arhar man fetur ce ta binne wannan magana shekaru da yawa, tsadarsa da dumamar yanayi kuma suka tono ta.

Bari in ɗan yi bayanin yadda ake yi yau, don shi ne aikin da bai taɓa zama a hannun masu gyaɗa ba. Man girki ya fi dizal kauri nesa ba kusa ba, in an daɗe ana zuba wa injin shi sai ya toshe nozul ya tara baƙi. Domin a tsinka shi, ana haɗa shi da wani sinadari mai suna mitanol, sai ya rabu biyu, man injin a sama, gilisarin a ƙasa. Haɗin ba ya tafiya shi kaɗai sai da abin da zai tura shi, kuma abin da aka saba sawa shi ne soda mai ƙuna. Duk macen da ta taɓa dafa sabulu ta san abin da ke faruwa idan soda ta gamu da tsohon mai. Sabulu ake samu. Don haka hanyar soda tana son mai sabo, tsabtatacce, mai tsada, wanda ya kamata a ce yana cikin tukunyar miya.

A nan enzayim ya shigo. Enzayim sinadari ne da jikin mai rai ke yi domin ya gaggauta wani aiki. Shi ne a cikin yawu yake sa tuwo ya yi zaƙi in an daɗe ana tauna, shi ne a ganyen gwanda yake tausasa nama mai tauri. Akwai wani iri da ake kira lifes, wanda cikinmu ke amfani da shi wajen narkar da kitse. Masana'antu suna samun irinsa daga ƙananan halittu dangin fumfuna da suke renonsu a manyan tankuna. Idan aka sa shi a madadin soda, yana aiki a ɗumi kaɗan, ƙasa da digiri 50, ba ya yin sabulu, kuma bai damu ba ko man ya tsufa ya yi tsami. Kamfanin Novozymes na ƙasar Denmak ya fito da irin wannan kasuwa a 2014 da sunan Eversa. Yana da nasa aibu: ya fi soda tsada, ya fi ta jinkiri, kuma in aka antaya masa mitanol gaba ɗaya sai ya mutu, dole a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan.

Aiki na biyu shi ne cire danƙo. Ɗanyen mai, da zarar ya fito daga injin matsa, yana ɗauke da wani danƙo mai sinadarin fosfaras, shi ne ɗigon da ke kwanciya a gindin galan. Manyan matatun da ke mayar da man tsirrai dizal da man jirgin sama suna amfani da haidurojin, iskar nan dai da ta yi majarin a zamanin Ɗantata, kuma fosfaras yana lalata musu kayan aiki. Wani enzayim ɗin yana datse danƙon har ya bi ruwa ya fita, ba tare da ya ja mai da yawa ya tafi da shi ba. Ribar ƴar kaɗan ce a kowace ganga, amma ga matatar da ke sarrafa dubban tan, kuɗi ne ba na wasa ba.

Man gyaɗa dai yau ya fi ƙarfin tankin mota, kuma gara haka, tunda uwar gida a kasuwar Nima da ƙyar take sayen kwalba. Gana ta gwada bini-da-zugu a shekarun 2000, kamfanonin waje suka karɓi manyan filaye a arewa, har wajen Yendi, aka sare itatuwa, yawancinsu suka ruguje suka bar manoma da takaici. Dokar makamashi mai sabuntuwa ta 2011 ta yi maganar irin wannan mai, amma direban tirotiro bai gan shi a gidan mai ba tukuna. Abin da matatun Turai da Asiya ke rububi yanzu shi ne man da aka gama suya da shi. Wannan kuwa muna da shi. Daga mai ƙosai da asuba zuwa mai soya doya da kifi da wagashi da dare, kasko nawa ne ke kan wuta tsakanin Nima da Maamobi? Man yana ƙarewa ɗayan wuri biyu, ko a yi ta maimaita shi har ya yi baƙi ƙirin mu ci da cikinmu, ko a tuttular a kwata ya daskare ya kama shara, damina ta zo ruwa ya rasa hanya. Enzayim zai iya da irin wannan mai. Wahalar ita ce tara shi, kwalba ɗaya a nan, rabin galan a can, daga hannun mata ɗari-ɗari waɗanda ba za su ba ka ba sai sun san ka kuma ka biya a kan lokaci. Wannan ita ce ainihin sana'ar da Ɗantata ya ƙware a kai.

Shi kansa bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba. Ya ci gaba da goro, ya yi cinikin shanu da tufafi da hatsi, ya mallaki filaye da gidaje. Ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920, lokacin da mafi yawan mahajjatan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Sudan, wasu su shekara da shekaru a hanya. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da tsimi da sauƙin rayuwa, ba mai son almubazzaranci ba ne duk da abin da ya tara. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero an sa shi cikin majalisar Sarkin Kano. Da aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, sayen ya koma sai da lasisi, kuma a shekarunsa na ƙarshe ya samu nasa, ya zama yana sayar wa hukuma kai tsaye ba ta hannun kamfanin Bature ba. Ya kai shekara 30 da ɗoriya yana saya wa wasu kafin ya kai ga haka.

Da ciwo ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su riƙe kasuwancin a haɗe kada su raba shi. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa, musamman Sanusi da Aminu, suka ɗauki gidan suka faɗaɗa shi zuwa gine-gine da sufuri da masana'antu. Alhaji Aminu ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina.

Watanni kaɗan bayan rasuwar Ɗantata, a 1956, aka haƙo man fetur a Oloibiri, kudancin Najeriya. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 da kuɗin fetur suka haɗu suka cinye dalar, filayen da aka jera buhuna suka zama kasuwanni da gidaje. Jikar Ɗantata, Hajiya Mariya 'yar Sanusi, ita ce ta haifi Aliko Ɗangote, wanda a 2023 ya buɗe matata a Lekki, gefen Ikko, mai ƙarfin tace ganga 650,000 na ɗanyen man fetur a rana.